Batirin 9V, AA, Fawabank ko 18650: Wanne Ne Zai Riƙe Motar Robot Ɗinka?

Alamomin kusan iri ɗaya ne a wurin duk wanda ya harhaɗa motar robot da ake tuƙawa da wayar hannu. Ka ɗaga ta sama, ka danna gaba a manhaja, tayoyi su yi ta juyawa lafiya lau. Ka ajiye ta a ƙasa ka sake dannawa, sai ta yi ɗan zillo ta tsaya cak, fitilar HC-05, ɗan allon Bluetooth da ke haɗa motar da waya, wadda ta lafa bayan an haɗu ta koma ƙyaftawa da sauri, wayar ta nuna an rabu. Wani kuma tasa tana aiki muddin igiyar USB na jone da laftof, da ya zare shi ke nan. Mai ESP32, allon umarni mai WiFi da Bluetooth a jikinsa, idan ya buɗe Serial Monitor, tagar da ke nuna saƙonnin allon a kwamfuta, zai tarar da layi ɗaya yana ta maimaituwa: Brownout detector was triggered, wato an gano faɗuwar wuta.

Daga nan yawancin mutane kan koma kan kod. Su canja manhaja, su sayi wani HC-05, su zargi allon Arduino, ƙwaƙwalwar motar, da cewa jabu ne. Mafi yawan lokuta ba can matsalar take ba. Wuta ce take faɗuwa na ɗan ƙiftawar ido a daidai lokacin da injunan taya suka tashi, kuma abin da ke hana wannan faɗuwar zaɓi uku ne da ake yi tun kafin a rubuta layin kod ko ɗaya: wane batir, wane direban inji (allon da ke ba injuna wuta bisa umarni), kuma ta wace hanya wuta za ta isa allon da ke ba da umarni.

Ɗan injin nan mai launin rawaya da ke zuwa da kusan kowane kit, wanda ake kira TT, an yi shi ne don bolt 3 zuwa 6. Idan yana juyawa a iska babu kaya, abin da yake ja bai wuce miliamfiya 150 zuwa 200 ba. Amma a lokacin tashi, ko idan taya ta cije, yakan ja amfiya 1 ko sama da haka, shi kaɗai. Inji biyu amfiya biyu ke nan, inji huɗu kuwa ka ninka. Kowane batir yana da turjiya a cikinsa, kuma bolt ɗin da ke ɓacewa a ciki shi ne amfiyar da aka ja sau wannan turjiyar. Duk wanda ya taɓa ganin ƙwan lantarki ya dusashe lokacin da firij ya tashi a kan ƙaramin janareta ya riga ya ga abin da ke faruwa a cikin motarsa. Bambancin kawai shi ne ATmega328P, ɗan guntun da ke sarrafa allon Arduino Uno, an saita shi ya sake farawa idan wutarsa ta sauka ƙasa da bolt 2.7, HC-05 kuma tun kafin nan ya saki wayar.

Don haka lambar bolt da ke jikin batir ba ita ce abin dubawa na farko ba. Abin tambaya shi ne bolt nawa zai rage lokacin da aka nemi amfiya biyu daga gare shi farat ɗaya.

Baturan da ake zaɓa a tsakaninsu

Batirin 9V mai kusurwa huɗu shi ne ya fi jan hankalin sabon shiga, kuma ana iya gane dalili. Yana da arha, ana samunsa ko'ina, lambarsa ta faɗa cikin bolt 7 zuwa 12 da Arduino ke so a Vin, ramin shigar wutarsa, ga shi hotuna da yawa a intanet da shi ake nuna haɗin. Amma a cikinsa ƙananan ƙwayoyi shida ne aka jera, an yi su don abin da ke shan wuta kaɗan-kaɗan kamar mita ko makirfo. Mai kyau na alkalin yana ɗauke da wajen 500 zuwa 600 mAh (ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa), turjiyarsa tun yana sabo ta kai om 1 zuwa 2, kuma tana hawa da sauri. Ka ja amfiya biyu ta cikin om biyu, bolt huɗu sun tafi kafin wutar ta fito waje. Wanda aka rubuta wa 6F22, wanda shi ya fi yawa a shaguna, ya fi wannan rauni nesa ba kusa ba. Ga injunan taya ba ya cikin lissafi ko kaɗan. Inda yake da amfani shi ne ya ciyar da Uno da HC-05 su kaɗai na 'yan sa'o'i, injuna kuma su samu nasu batirin daban.

AA huɗu a cikin gidan batirin da ke zuwa da kit sun fi shi ƙarfin ba da amfiya, amma lissafinsu yana karyewa a wani wurin. Huɗu sau 1.5 bolt 6 ne. Idan direbanka L298N ne, yana cinye wajen bolt 2 a cikinsa, injuna su samu huɗu. Regiletan 78M05 da ke kan allon nan, mai daidaita wuta zuwa bolt 5, kuma yana bukatar wajen bolt 7 kafin ya fitar da biyar cikakke, don haka ramin da aka rubuta wa 5V zai riƙa ba ka huɗu da wani abu, ya ƙara sauka idan injuna sun tashi. Ka kai bolt 6 ɗin Vin na Uno ma kana bakin gaɓa. Wannan haɗin na AA huɗu da L298N shi ne ya fi haifar da motar da ke gudu a iska ta mutu a ƙasa. Idan baturan irin na tocila ne masu arha, zinc-carbon, abin ya fi muni, minti kaɗan sun yi sanyi. Masu caji na NiMH sun fi riƙe wuta a ƙarƙashin kaya, sai dai kowanne bolt 1.2 ne, huɗu 4.8 ke nan. Wanda ke son AA ya nemi gida mai ɗaukar shida: NiMH shida bolt 7.2, kuma wannan haɗi ne mai kyau, musamman idan yara ƙanana ne za su riƙa taɓa motar, domin haɗarin gobararsa bai kai na litiyom ba. Illarsa nauyi da kuɗin sayen shida masu inganci tare da cajarsu.

Fawabank yana da ban sha'awa saboda kusan kowa yana da shi a gida, kuma ya zo da cajarsa da kariyarsa a ciki. Kariyar ce ke juyowa kanka ta fuska biyu. Da yawansu suna kashe kansu idan abin da ake ja ya yi kaɗan, suna ɗauka wayar da ake caji ta cika, kuma Uno da HC-05 a tsaye ba su kai miliamfiya 100 ba. Sai ka ga mota ta ɗauke bayan ta yi 'yan daƙiƙoƙi ba ta motsa ba. Idan kuma ka ɗora masa injuna, fizgar tashi na iya sa ya ɗauka wayoyi ne suka haɗu, ya yanke. Bolt 5 ɗinsa ta cikin L298N kuwa uku kawai zai isa inji. Da direba irin DRV8833 da inji biyu a kan tayil, fawabank mai ba da amfiya 2 yakan yi aiki, amma sai ka gwada naka ka gani, domin halinsu ya bambanta ƙwarai.

Sai 18650, wanda sunansa girmansa ne: milimita 18 a kauri, 65 a tsawo. Kowanne bolt 3.7 ne a tsaka-tsaki, 4.2 idan ya cika. Biyu a jere, kan wannan a gindin wancan, suna ba da 8.4 a cike, 7.4 a tsakiya. Turjiyar mai kyau ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na om ba, don haka amfiya biyu ko uku ba sa girgiza shi. Wannan shi ne zaɓina ga duk wanda ya kai ya riƙe batirin litiyom da hankali. Jerawa ba ta ninka mAh: biyu masu 2500 a jere 2500 ne har yanzu, bolt ne ya ninku. Duk da haka, mota mai inji biyu da ke jan wajen miliamfiya 700 a matsakaici za ta yi sa'o'i uku da rabi ko kusa da haka a lissafin takarda.

Wahalar 18650 a kasuwa take. Na gaskiya mafi girma ba ya wuce wajen 3500 zuwa 4000 mAh, don haka duk wanda ka ga an buga masa 6800 ko 9900 ƙarya ce tsagwaronta, kuma sau da yawa abin da ke cikinsa bai kai dubu ɗaya ba. Ɗauke shi a hannu: na gaske yana da nauyin giram 45 ko sama kaɗan, jabu da yawa kuwa za ka ji su shafal. Shi ya sa ƙwayoyin da aka ciro daga tsohon batirin laftof, waɗanda ake samu wurin masu gyaran kwamfuta da waya a kasuwanni irin su Farm Centre a Kano, sukan fi sabon jabu amfani, domin asalinsu na manyan kamfanoni ne irin su Samsung, LG, Sanyo da Panasonic. Sai dai a tace su. Wanda mita ta nuna ya sauka ƙasa da bolt 2.5 a bar shi. Sauran a caje su ɗaya-ɗaya, a ajiye su kwanaki, a sake aunawa. Wanda ya zube da kansa ko ya yi zafi wajen caji ba na aiki ba ne. A haɗa biyu masu kama da juna daga fakiti ɗaya. Kuma a duba rigar robar da ke jikinsu da kyau, domin dukkan gwangwanin ɓangaren negatib ne, kuma tazararsa da kan fositib 'yar ƙarama ce. Rigar da ta yage a wuya tana iya jawo tartsatsi da ƙarfen gidan batirin kansa.

Caji ma yana da nasa tarkon. Ɗan allon TP4056 da kowa ke saye ƙwaya ɗaya yake caji, zuwa 4.2. Ba ya cajin biyu a jere. Kada kuma a ɗora TP4056 biyu a kan ƙwayoyin da ke jere alhali caja ɗaya ce ke ciyar da su, domin negatib ɗinsu a haɗe yake ta ciki, sai ɗaya daga cikin ƙwayoyin ta yi shot. Hanya mafi sauƙi ita ce a ciro su daga mota a caje su daban-daban. Mai son caji ba tare da cirewa ba sai ya sa allon kariya na BMS mai 2S, wato na ƙwaya biyu a jere, da caja mai bolt 8.4. A nan a lura da amfiyar BMS ɗin: ƙarami mai amfiya 2 ko 3 yana iya yankewa idan tayoyi huɗu suka cije, kuma alamarsa daban ce da ta faɗuwar wuta, domin motar mutuwa take gaba ɗaya, ba fitila ko ɗaya, sai an cire batir ko an jona caja ta farfaɗo. Ga mu nan da zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40 a Kano, Sakkwato ko Maradi, a tuna cewa litiyom ba a cajinsa sama da digiri 45. Batirin da ya wuni a rana ko a cikin motar haya a bar shi ya huce a inuwa tukuna.

Ƙwaya uku a jere, bolt 12.6 a cike, wasu na zuwa gare su don neman gudu. Ga injin TT wannan ya yi yawa. Ko ta cikin L298N wajen bolt 10 ne zai isa inji da aka yi don 6, kuma za ka ji ƙaurinsa ba da jimawa ba. Ƙwaya ɗaya da allon ɗaga wuta na MT3608 kuma ta ɗaya gefen ta gaza: duk amfiyar da ka nema a sama, kusan ninkinta ko fiye yake ja daga ƙwayar, sai ya durƙushe a daidai lokacin tashi.

L298N ko direban MOSFET

Jan allon nan mai baƙin ƙarfen sanyaya, L298N, tsohuwar fasaha ce ta kamfanin STMicroelectronics. Yana ɗaukar amfiya 2 a kowane gefe, yana da sukurori da ke riƙe waya da kyau, yana jure wulaƙanci, kuma shi ne ya fi sauƙin samu. Laifinsa cin wuta: wajen bolt 2 a ƙaramin kaya, ya haura 3 har ya doshi 4 idan kaya ya yi nauyi, duk yana zama zafi. TB6612FNG na Toshiba da DRV8833 na Texas Instruments da MOSFET, wani nau'in taransista mai ƙarancin asarar wuta, suke aiki, abin da suke ci bai wuce rabin bolt ba a amfiya ɗaya. TB6612FNG yana ɗaukar amfiya 1.2 a kowane gefe a kai a kai, 3.2 na ɗan ƙanƙanin lokaci, da wuta har bolt 13.5. DRV8833 yana aiki daga bolt 2.7 zuwa 10.8, shi ya sa ya dace da ƙananan batura. L293D, wanda ke kan allunan da ake kifawa a saman Uno, miliamfiya 600 kawai yake ɗauka a kowace hanya kuma shi ma yana cin wuta kamar L298N; ba zan sayi sabo don wannan aikin ba.

A takarda MOSFET ya yi nasara, amma zaɓin ya dogara ne da batirin da ka riga ka tsayar. Da 18650 biyu, asarar L298N tana faɗowa daidai: 8.4 a cire 2 ya bar 6.4, kusan abin da injin TT ke so. Wanda ke da L298N a hannu da ƙwayoyi biyu masu kyau ba shi da dalilin sake kashe kuɗi. Ka sa TB6612FNG a kan batirin nan kuwa, kusan dukkan 8.4 ɗin zai isa inji, don haka dole ka rage a kod: maimakon analogWrite, umarnin da ke saita gudu, ya kai ƙololuwarsa ta 255, tsaya a wajen 180, wanda ke ba da kusan bolt 6 a matsakaici. Ribarka batir ya fi daɗewa, babu zafi, kuma idan ya fara sanyi kana da sauran wurin ƙarawa. Idan kuwa batirinka AA huɗu ne ko fawabank, L298N bai dace ba sam, MOSFET ne kaɗai zai bar wa injuna abin da za su yi aiki da shi.

Mota mai inji huɗu tana canja lissafin. Ana haɗa inji biyu a kowane gefe, kuma idan suka cije tare sun wuce amfiya 2, wanda ya fi ƙarfin TB6612FNG guda. Ko dai a sa biyu, kowane inji da hanyarsa, ko a zauna a kan L298N a riƙa taɓa ƙarfensa ana jin zafinsa. A ganina ɗalibin da ke furojet ɗinsa na farko ya fara da inji biyu da 'yar tayar gaba mai juyawa. Mai huɗu wajen kwana sai ta ja tayoyinta a gicciye, kuma a kan siminti mai kaushi ko tabarma wannan kusan cijewa ce a duk juyi.

Yadda wuta ke isa allon umarni

A nan ne motoci biyu masu kaya iri ɗaya ke rabuwa, ɗaya na aiki ɗaya na ba da ciwon kai.

Hanyar da aka fi bi ita ce a ɗauko daga ramin 5V na L298N a kai Arduino. Ga Uno da HC-05 kaɗai tana yi muddin batir na cike. Amma 78M05 na bukatar wajen bolt 7, ƙwayoyi biyu kuma rabin rayuwarsu suna yawo ne a 7.4 zuwa ƙasa. Ɗan faɗuwar rabin bolt ya isa. Wannan ne ke sa mota ta yi kyau da safe bayan caji, zuwa rana ta fara yankewa alhali batir bai ƙare ba. Wani kuskuren da ke tafiya da wannan shi ne kai bolt 5 ɗin zuwa Vin maimakon ramin 5V. Vin yana bi ta regiletan Uno ne, wanda shi ma zai ci wajen bolt ɗaya, sai allon ya samu huɗu ko ƙasa.

Hanya ta biyu ba ta cin ko kwabo: a ja wayoyi biyu daban tun daga makunnin batir kai tsaye zuwa Vin da GND (ramin negatib) na Uno. Regiletan Uno irin 1117 ne, bolt ɗaya da 'yan kai kawai yake nema a sama, don haka yana riƙe biyar har batir ya sauka wajen 6.2. Zafinsa ana lissafa shi da bambancin bolt sau amfiya: 3.4 sau miliamfiya 100 kusan sulusin wat ne, ba komai ba ne. Ga mota mai Uno, HC-05 da firikwensin nisa na HC-SR04 wanda ke jan miliamfiya 15, wannan ya wadatar. Da zarar ka ƙara servo, ɗan injin da ke juyawa zuwa kusurwar da aka umarce shi, irin SG90, wanda ke iya fizgar sama da rabin amfiya idan ya motsa, ko ka koma ESP32, ta daina wadatarwa. Espressif da kansu sun ce a tanadar wa ESP32 aƙalla miliamfiya 500, domin WiFi fizga yake yi ba sha a hankali ba, kuma ESP32-CAM ya fi kowa saurin faɗuwa. Za ka ga shawara a intanet cewa a kashe mai gano faɗuwar wutar a cikin kod. Kada ka bi. Saƙon zai ɓace, faɗuwar tana nan, sai dai yanzu allon zai riƙa rikicewa ba tare da ya gaya maka dalili ba.

Hanya ta uku ita ce allon rage wuta irin LM2596 ko ɗan ƙaraminsa MP1584, wanda ke sauke 8.4 zuwa 5 ba tare da ƙona bambancin ya zama zafi ba, kuma yana ba da amfiya biyu cikin sauƙi. Ita nake ba duk mai ESP32 ko servo shawara. A saita shi kafin a jona komai a bayansa. Jona batir a gefen shiga, ɗora mita a gefen fita, ka riƙa juya ɗan sukurun tagulla da ke kan shuɗin akwatin nan na LM2596 hagu. A LM2596 za ka iya yin juyi goma ko fiye lambar ba ta motsa ba, har ka ɗauka ya lalace, sai can ta fara sauka: 7.9, 7.1, 6.2. Tsaya a 5.0 ko 5.1, ka ɗiga masa ɗan gam don kada girgiza ta juya shi. LM2596 yana son wajen bolt ɗaya da rabi a sama, wato yana fara sakewa idan batir ya kai 6.5, wanda dama lokacin caji ne. Idan kana shigar da biyar ɗin ta ramin 5V na Uno, cire wannan wayar kafin ka jona USB don ɗora kod.

Sai batir biyu daban, ɗaya na injuna ɗaya na allo. Yana ƙara nauyi da abin caji, kuma akan manta a kashe ɗaya. Amma a matsayin gwaji babu kamarsa: ka ba Arduino nasa batirin, idan yankewar ta daina ka san wuta ce, ka huta da tonon kod. Sharaɗinsa ɗaya, dole a haɗa GND na ɓangarorin biyu da waya. Ba tare da ita ba direba ba ya gane umarnin da ake aiko masa, injuna su riƙa rawa ko su ƙi motsi.

Duk batirin da ka zaɓa, waya na iya ɓata shi. Siraran wayoyin nan masu launi-launi da ake cusawa a allon gwaji an yi su ne don sigina, wasu ma silin tagulla kaɗan ne a cikinsu. Daga batir zuwa direba, da daga direba zuwa inji, a sa waya mai kauri, gajeriya, a liƙa da dalma ko a ɗaure da sukuru. Ga yadda ake kama ɓarawon: ajiye mita a kan batirin kansa, ka riƙe tayoyi da hannu na daƙiƙa ɗaya ko biyu kana danna gaba, ka karanta. Sai ka maida mitar kan sukurorin shigar direba ka maimaita. Idan a batir ka ga 7.8, a direba 6.6, bolt ɗaya da ɗoriya ya salwanta a hanya, a waya, ko makunni, ko sifirin ɗin gidan batir. Taɓa su nan take, wanda ya yi ɗumi shi ne. Riƙe tayoyin yana da muhimmanci, domin mita sau biyu ko uku take karatu a daƙiƙa, faɗuwar tashi kuwa ta fi ta sauri, za ta wuce lambar ba ta ko motsa ba. Kada dai a daɗe ana riƙewa.

Kafasito mai 470 zuwa 1000 µF a bakin shigar direba, da wani a kan layin 5V kusa da HC-05 ko ESP32, yana cike gurbin fizgar nan ta ɗan lokaci. A duba ƙafar da ke da zanen negatib, kuma a zaɓi mai bolt 16 ko sama. Ɗan ƙaramin na yumɓu mai lamba 104 kuma ana liƙa shi a tsakanin ƙafafun kowane inji don ya shanye tartsatsin da ke rikita Bluetooth. Suna gyara haɗin da ya kusa daidai. Ba sa maida batirin 9V ya zama 18650. A kod ma akwai sauƙi kyauta: a hau gudu mataki-mataki cikin kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa maimakon a tashi da 255, kuma a sa ɗan tsayawa tsakanin gaba da baya, domin juyawa kai tsaye daga cikakken gudu na iya jan kusan ninkin amfiyar cijewa.

Akwai abubuwa biyu da ke kama da matsalar wuta alhali ba ita ba ce. Idan TB6612FNG ya ƙi motsa komai, duba ƙafar STBY, sai an kai ta sama yake aiki. Idan kuma gefe ɗaya ya daina bin umarnin gudu bayan ka ƙara servo a kan Uno, laburaren Servo ne ya ƙwace PWM, siginar da ke daidaita gudu, na ƙafa ta 9 da ta 10. Maida ENA da ENB, ƙafafun gudu na L298N, zuwa 5 da 6.

Wanda ya tsaya a kan 18650 biyu ba tare da BMS ba, saura abu ɗaya. Babu abin da zai hana motar shanye su har ƙasa da bolt 3 kowanne, kuma hakan yana kashe ƙwaya. Resista biyu masu 10k a jere tsakanin fositib ɗin batir da GND, a ɗauko tsakiyarsu a kai A0, ƙafar Uno da ke auna bolt, suna raba 8.4 ya zama 4.2 da Uno zai iya karantawa. Ga ESP32, wanda ƙafafunsa ba sa ɗaukar sama da 3.3, a sa 20k a sama da 10k a ƙasa, ya ba da 2.8. Kod ya riƙa aika lambar zuwa wayarka ta Bluetooth ɗin da dama ke jone, ya kuma tsayar da injuna idan ta sauka ƙasa da 6.4 ta zauna a nan na daƙiƙa biyu ko uku, don kada fizgar tashi kaɗai ta riƙa tsayar da motar.